Awakin Inna a Takardar Gwaji

Lawwali ya shiga kwaleji a Gusau bayan an yanke gero, dawa kuma tana jiran lokacinta. Yayansa Labbo ne ya kawo shi daga Bungudu a kan babur, da jaka a cinya da katifa ɗaure a baya. A bakin ƙofar makarantar Labbo ya kashe babur, ya sauke kayan, sannan ya yi maganar da ya taho da ita tun daga gida.

"Dawarka kar ta dame ka. Samarin unguwa sun ce gayya za su yi mata, tunda kai ka saba ja musu waƙa a gonakin mutane. Kai dai ka yi abin da ya kawo ka. Kar mu ji wani abu."

"Ba za ku ji ba, Yaya."

Aikin gona ya zo karantawa, amma aka ce duk sabon ɗalibi, ko me ya zo nema, sai ya fara da darussa huɗu na share fage: dabarun karatu, siyasa, kimiyya, da ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ɗalibai ke kira saiko. Lawwali ya ɗauka ɓata lokaci ne. Kafin mako ya zagayo ya sake ra'ayi.

Malamin kimiyya ya shigo aji da ƙwai da kofin ruwa. Ƙwan ya nutse. Ya zuba gishiri ya motsa, ƙwan ya taso, sai ya tambayi aji yadda za su tabbatar gishirin ne ya yi aikin ba hannunsa ba. Malamin siyasa ya tambaya wa ke da iko da kasuwar garinsu, sarki ko shugaban ƙaramar hukuma ko sarkin kasuwa, aka kaure da gardama har lokaci ya ƙare ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Malamin saiko kuwa, wani siriri mai tabarau da ake kira Malam Tajuddeen, yana tsakar magana wani mutum ya shigo da gudu ya sure jakarsa ya fice. Aji ya ruɗe. Malam ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya tambayi launin hular ɓarawon. Rabin aji suka rantse ja ce, rabi suka ce fara. Aka kira mutumin ya dawo, ashe masinjan sashen ne, kuma babu hula a kansa.

Lawwali yakan fito daga irin waɗannan laccoci yana magana shi kaɗai a hanya. Matsalarsa ɗaya ce. Abin da ya fahimta a aji, in ya buɗe takardun da aka raba musu, sai ya tarar Turanci ya rufe shi ruf.

A bencin da yake zama akwai mutum biyu masu irin wannan damuwa ta fuskoki daban. Bashar, wani ƙato mai dariya da ƙarfi daga Kucheri ta ƙasar Tsafe, yana gane abu da sauri, amma da an tsare shi da tambaya sai kansa ya ɗauke wuta. Abdulsamad ɗan Tudun Wada ne a nan Gusau, mahaifinsa tsohon ma'aikacin gwamnati. Turanci a bakinsa yake, sai dai ba ya iya zama da littafi shi kaɗai ba tare da ya ɗauki waya ba.

Malamar dabarun karatu, Malama Ladidi, ita ce ta ba su shawara a darasinta na farko. Ta ce kada ɗalibi ya yi karatu shi kaɗai, a haɗa ƙungiya, a taimaki juna. Lawwali ya juya ya dubi abokan zamansa.

"Kun ji abin da tac ce? Gayya take nufi."

"Wace gayya kuma?" in ji Abdulsamad. "Nan ka ga gona?"

"Ga gonaki nan har huɗu, ɗan birni. Kowa shi ɗauki guda. Ranar gonarka kai za ka riga mu karantawa, ka warware muna da Hausa, ka ciyar da mu. Mu kuma mu taya ka nomewa har bakin gona. In an gama a koma ta wani."

Bashar ya buga benci har na gaba suka waiwayo. "Wallahi ka kawo magana! Ni a ba ni kimiyya, ƙwan nan ya tsaya mini a rai."

Abdulsamad ya ɗauki siyasa, domin a zauren gidansu ba a kashe rediyo, gardamar gwamnati kuma ita ce abincin dattawan da ke taruwa wurin mahaifinsa. Lawwali ya ɗauki saiko. Gona ta huɗu ta rasa mai ita. Darasi na gaba da Malama Ladidi ta yi a kan yadda ake neman littafi a laburare ne, Abdulsamad ya yi ta hamma, ya ce mutumin da ya gama sakandare ba a koya masa buɗe littafi. Darasinta kuma ranar Laraba da yamma yake, lokacin da inuwar mangwaron bayan filin ƙwallo ta fi daɗi. Suka mayar da Larabar ranar gayya.

Tsarin ya tafi daidai tun daga farko. Mai gona ya yi bayani da Hausa, a yi gardama har kowa ya gamsu. Abdulsamad ya ɗinka bayanin da Turanci jimla bayan jimla. Daga nan aiki ya koma hannun Lawwali. A Bungudu shi ke tsayawa kusa da mai ganga yana ba da waƙa, samari na amsawa, garma na sauka tare. Ya ɗauki jimlolin Turancin ya ɗora su a kan kiɗan noma, yana buga biro a bayan kwano, ya sa musu amshi da Hausa. Turancin ya yi gardama da farko, daga baya ya bi.

Ranar gonar Abdulsamad a zaurensu ake yi, mahaifiyarsa Hajiya ta aiko da fura mai sanyi. Ranar Bashar ƙuli-ƙuli ne da rake, domin ba kullum hanyar Tsafe ke ba shi damar zuwa gida ya ɗebo abin kirki ba. Lawwali kuwa yakan kawo hoce, gasasshiyar wainar dawa, da dafaffiyar gyaɗa, in Labbo ya sami mai zuwa Gusau.

A wata Laraba, gonar Lawwali, suka iso kan darasin wani masani da ya yi gwaji da kare. Kullum sai ya kaɗa ƙararrawa kafin ya ba karen nama, har ta kai da jin ƙararrawa kaɗai yawun karen ke zuba.

"Tsaya," in ji Bashar. "Kare a cikin ɗaki? Kuma nama yake ba shi?"

"Haka anka rubuta."

"Wanga mutum ba shi da maƙwabta?"

Abdulsamad ya kwashe da dariya. Lawwali bai yi ba. Ya ajiye takardar, ya miƙe tsaye.

"Kai, ai awakin Inna ne! Inna kullum sai ta buga kwano jikin turmi kafin ta zuba musu dusa. Akwai wata Kyalla, ko tana bayan rumbu ta ji kwanon nan sai ta taho da gudu tana ture yara. Ran nan Inna ta buga kwano don ta kakkaɓe gari kawai, ba dusa ba komai, sai ga su sun cika tsakar gida. Shi ne wanga abu! Shi ne, ba ragi!"

"To a kori karen," in ji Bashar. "A sa Kyalla."

Aka kori karen. Abdulsamad ya ɗinka labarin Inna da kwanonta da Turanci, Lawwali ya ɗora shi a kan kiɗa, amshin kuma ya zama: "Kwano, Inna, buga kwano, Kyalla na bayan rumbu." Suka yi ta yi har masu ƙwallo suka tsaya suna kallonsu.

Gwajin tsakiyar zango na saiko ya zo da safe, a babban ɗakin lacca. Su ukun suka zauna yadda suka saba, benci ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, Lawwali a tsakiya. A gayya haka ake jeruwa, kuma ba wanda ya ce musu su rabu. Da aka juya takarda Lawwali ya kusa yin dariya a fili. Babbar tambayar ita ce a bayyana, da misali, yadda mai rai ke koyon danganta wani abu da wani.

Ya rubuta ba tsayawa. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga kai. Abdulsamad na ta gudu a takarda. Bashar kuwa biro a sama, gumi na bin wuyansa, idonsa a kan allo kamar a can amsar take.

A gayya, wanda ya riga kai bakin gona ba ya zama. Juyowa yake ya tari wanda aka bari a baya. Lawwali bai yi shawara da kansa ba. Ya kifa takardarsa, ya fara buga gindin biro a kan benci a hankali, kiɗan noma. Leɓen Bashar ya motsa. Ƙafarsa ta kama kiɗan. Biro ya sauka a takarda ya fara tafiya.

Malam Tajuddeen na tsaye a ƙarshen layin. Ya dube su ta saman tabarau. Da aka tashi ya karɓi takardunsu uku ya ware su gefe.

Mako na gaba sunayensu suka bayyana a allon sanarwa na sashen. An gayyace su gaban kwamitin ladabtarwa bisa zargin satar amsa. Ƙarƙashin sanarwar an tunatar da ɗalibai cewa hukuncin laifin dakatarwa ne na shekara guda, ko kora.

Lawwali ya karanta sau biyu. Ba dakatarwar ce ta tsaya masa ba, kalmar sata ce. A kwalejin akwai 'yan Bungudu da dama, kuma duk suna bi ta gaban allon nan. In aka tabbatar da zargin, ba wanda zai tsaya bayanin wace irin sata ce a majalisar mai shayi. Za a ce ƙanen Labbo an koro shi daga Gusau saboda sata, shi ke nan.

Da yammar ranar Labbo ya kira shi a waya, muryarsa cike da murna.

"An yanke dawarka! Kai, da ka ga mutane. Mai ganga har kirari ya yi maka, ya ce malami na Gusau, gona na Bungudu. Inna ta yi tuwo tukunya biyu bai isa ba. Ya karatun?"

"Lahiya lau, Yaya."

"Ka dage hwa."

Abdulsamad ya zo wa Lawwali da shawara ana gobe za su shiga gaban kwamitin. "Takardun dai ba yadda za mu yi, iri ɗaya ne. Amma bugun nan, ka ce ɗabi'arka ce in kana tunani. Wa zai shiga zuciyarka?"

Bashar ya ce, "Ni na ja muku. A ce ni kaɗai ne."

"A ce kai kaɗai ka yi mi?" in ji Lawwali. "Wa ka leƙa?"

"Ban leƙa kowa ba."

"To bari mu je mu ji."

Mutum uku ne a bayan teburin. A tsakiya shugaban kwamitin, Alhaji Mahadi, dattijo mai furfura a gemu wanda ba ya ɗaga murya. Malam Tajuddeen a damansa da takardun uku. A hagunsa wata mata mai farin mayafi, wadda Lawwali ya ɗan jima kafin ya tuna inda ya san ta.

"Kun gane ni?" in ji ta.

"Malama Ladidi ce," Abdulsamad ya amsa da ƙaramar murya.

"Madalla. Ni kuwa da ƙyar na gane ku."

Alhaji Mahadi ya jera takardun a gabansa. Ya ce ya shekara da shekaru yana wannan aiki, ya ga mai leƙe, ya ga mai rubutu a cinya, amma bai taɓa ganin mutum uku da akuya ɗaya ba. Ya karanta jimlar farko daga takardar Lawwali, ta biyu daga ta Bashar, ta uku daga ta Abdulsamad, suka haɗu kamar mutum ɗaya ya rubuta.

"Wace ce Kyalla?"

"Akuyar innata ce, ranka shi daɗe," in ji Lawwali.

Alhaji ya dubi Bashar. "Kai na Kucheri, innarku ɗaya da shi?"

"A'a, ranka shi daɗe. Amma na san akuyar."

"Ka taɓa ganinta?"

"A waƙa."

Alhaji ya ajiye takardar. Lawwali ya nemi izini, ya yi bayani tun daga shawarar Malama Ladidi har zuwa inuwar mangwaro: rabon gonaki, ciyarwa, ɗinkin Turanci, kiɗa. Da ya zo kan ranar da suke gayyar, Malama Ladidi ta ɗaga hannu.

"Laraba da yamma?"

"Eh, Malama."

"Wato da shawarata kuka gudu daga ajina." Ta juya wajen shugaban. "Alhaji, a darussan da suka tsallake ne na yi bayanin inda taimakon juna ke ƙarewa. Na ce a yi karatu tare, a rubuta a rarrabe, kowa da kalmominsa. Na ce 'yan ƙungiya ɗaya kada su zauna benci ɗaya ranar gwaji. Duk ajin sun ji, ban da waɗannan manoman."

Alhaji Mahadi ya ce labarin ya yi daɗi, amma shi bai yarda mutum uku za su riƙe shafi biyu na Turanci kalma da kalma ba tare da ido ya taimaka ba.

"A gwada mu, ranka shi daɗe," in ji Lawwali. "Ba ma saiko ba. A zaɓi duk gonar da anka ga dama."

Aka tura Bashar kusurwa ɗaya, Abdulsamad wata, kowa fuskarsa a bango. Alhaji ya yi ɗan tunani, ya ce su kawo rabon iko tsakanin majalisa da masu zartarwa da kotu. Lawwali ya matso gefen teburin, ya nemi gafara, ya fara bugawa da tafin hannu. Ya ja layin farko. Daga kusurwoyi biyu murya ta taso lokaci guda, ta Bashar mai kauri, ta Abdulsamad siririya, Turanci na tafiya a kan kiɗan noma ba tuntuɓe. Da suka iso amshi, "Mai yin doka ba shi yanke shari'a," Bashar ya manta inda yake, ya fara rausaya da kafaɗa yana fuskantar bango. Ma'aikatan ofishin da ke maƙwabtaka suka taru a taga. Alhaji ya canza musu zuwa kimiyya, suka kawo ƙwai da gishiri har ƙarshe. Ƙafar dattijon na motsi a ƙarƙashin tebur, Lawwali ya gani.

"Ya isa," in ji Alhaji. "A rufe tagar nan."

Malam Tajuddeen ya riga ya miƙe, ya cire tabarau, idonsa na ƙyalli. Ya ce a ba shi minti ɗaya. Ya juyo da Bashar, ya ce Lawwali ya sa hannuwansa a aljihu, sannan ya yi wa Bashar tambayar da ta fito a gwajin. Bashar ya buɗe baki. Ba abin da ya fito. Gumi ya fara tsattsafo masa. Malam ya bari shirun ya yi tsawo, sannan ya ɗauki bironsa ya buga a tebur, yana kwaikwayon kiɗan da ya ji yanzu. Bai ma iya shi sosai ba. Duk da haka jimlar farko ta zubo daga bakin Bashar, ta biyu ta biyo ta.

"Alhaji, ka gani?" Malam ya ce. "Shekara nawa ina koyar da darasin nan da karen littafi. Ga shi a tsaye a gabanmu! An buga kwano, ya taho!"

Bashar ya tsaya cak. "Malam, wai ni ne akuyar?"

Malama Ladidi ta rufe baki da gefen mayafi. Alhaji Mahadi ya yi tari.

Malam Tajuddeen ya juya kan Lawwali. "Kai mai waƙa. Wannan ba ta cikin takardar da na raba, don haka ba ta cikin waƙarka. In Inna ta yi ta buga kwano kullum ba ta zuba dusa, me zai faru?"

Lawwali ya nemi layi a kansa, babu. Sai ya koma tsakar gidansu. Ya tuna shekarar da dusa ta yi wuya, aka koma ba awaki harawa. Da Turancinsa mai tsalle-tsalle, yana cike giɓi da Hausa, ya ce da farko za su riƙa zuwa, sannan su riƙa ɗaga kai kawai, daga baya ko kunne ba za su kaɗa ba. Ya ɗan tsaya, ya ƙara da cewa amma abin ba ya mutuwa gaba ɗaya, domin bayan an daɗe, wata rana Inna ta buga kwano, Kyalla ta taso daga inda take kwance.

"Darasin mako mai zuwa ke nan," in ji Malam. Ya zauna yana murmushi.

Alhaji Mahadi bai yi murmushi ba. Ya tattara takardun ya daidaita bakinsu.

"Na yarda ba wanda ya leƙa takardar wani. Saura abu ɗaya. Malam ya ce ya ga kana buga benci ranar gwaji. Lokacin da ka buga, ka san abokinka ya maƙale?"

Abdulsamad ya waiwayo ya kafe Lawwali da ido daga kusurwarsa.

"Na sani, ranka shi daɗe."

"Don shi ka buga?"

"Don shi. A wurinmu in ka riga kai bakin gona, juyowa kake ka tari na baya. Wanda ya zauna yana kallo, ba a sake kiransa gayya. Ban hwaɗa mishi ko kalma ɗaya ba, amma don shi na buga."

"To wannan taimako ne a ɗakin gwaji, ko da baki ko da biro."

Aka ce su jira a waje. Suna tsaye a baranda Abdulsamad ya ce wa Lawwali, "Kai dai ba ka jin shawara." Ba a daɗe ba aka kira su.

Alhaji ya karanta hukuncin a taƙaice. Kwamiti bai sami satar amsa ba, kuma za a cire kalmar daga allon sanarwa a ranar. An soke gwajin su ukun, za su sake wani da sababbin tambayoyi, kowa a ɗaki daban. Lawwali zai karɓi gargaɗi saboda bugun benci. Kuma daga wannan Larabar, Malama Ladidi za ta riƙa ganinsu a layin gaba.

Suna fita Bashar ya ɗaga Lawwali sama ɗungurungum, ya zagaya da shi baranda, masinjan sashen na yi musu tsawa. Lawwali bai bar wurin ba sai da ya ga an cire takardar daga allo.

Gayyar ta koma Asabar. Gona ta huɗu Bashar ya karɓa, tunda shi ya fi buƙatarta. Malama Ladidi ba ta hana su waƙa ba. Ta ce waƙa ta kai kaya rumbu, amma a koyi fito da su ba ganga. Ta koya musu rufe littafi mutum ya tambayi kansa, ya amsa da kalmominsa, ya buɗe ya duba inda ya kauce. Ta sa kowa ya nemo misalinsa. Abdulsamad ya kawo ƙannensa da ke rugawa ƙofa da jin hon ɗin motar mahaifinsu. Bashar ya kawo kansa.

Ranar sake gwajin aka sa Lawwali a wani ƙaramin aji, shi da mai sa ido. Ba kafaɗa a dama, ba kafaɗa a hagu. Tambayoyin sababbi ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Turancin ba santsi kamar na Abdulsamad, amma nasa ne. Da ya gama ya miƙa takarda. Hanyar fita ta bi ta gaban ajin da Bashar yake. Ta taga ya hango shi, biro a sama, ido a kan allo. Yatsun Lawwali suka fara motsi a jikin wandonsa. Ya cusa hannun a aljihu, ya wuce.

A ƙarƙashin mangwaro ya tarar da Abdulsamad. Suka zauna suna kallon ƙofar ginin. Ɗalibai na shiga suna fita. Abdulsamad ya ciro waya ya mayar. Lawwali ya tashi, ya zauna, ya sake tashi.

Can sai ga Bashar ya fito, rigarsa jiƙe da gumi har baya. Ya tsaya a kan matakala yana waige-waige. Da ya hango su ya ɗaga hannu biyu sama, ya kwarara murya har masu ƙwallo suka juyo.

"Mai waƙa! Na kai bakin gona, kuma ba wanda ya buga mini kwano!"